A dubi kwalbatin bakin kasuwarmu kafin damina ta sake faɗuwa

Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk da na san a kwanakin nan hankalin kowa yana kan manyan maganganu ne na tsaro da tsadar rayuwa, tawa maganar kuma ta kwalbati ce da famfo da shara. Toh amma mu da muke zaune a ƙananan garuruwa waɗannan su ne gwamnati a wajenmu, ba mu san wata Abuja ba sai a rediyo.

Ni tela ne, shagona yana daf da ƙofar kasuwa a wani gari da yake hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar Jigawa, kuma na haura shekara ashirin a wannan gurin. Ba zan faɗi sunan garin ba saboda ba da wani mutum ɗaya nake ba, ciyamomi nawa aka yi aka sauka ina zaune a kan kekena ina kallo, wasu ma ni na ɗinka musu kayan rantsuwa, kuma matsalar tana nan yadda take.

Tsakanin tasha da kasuwa akwai wata hanyar burji da duk motar da za ta ɗauki kaya sai ta bi ta kanta, a tsakiyarta akwai kwalbati ɗaya wanda ruwan unguwanni uku yake bi ta ƙarƙashinsa ya fita bayan gari. Tun kafin ambaliyar 2022 bakinsa ya soma tsagewa, da ruwan shekarar nan ya zo kuwa sai ya cinye gefe ɗaya gaba ɗaya, rodi ya fito tsirara, ƙasar da ke kai ta zabtare har hanyar ta koma ba ta wuce faɗin mota ɗaya ba, ita ma sai direba ya sa yaron mota ya sauka yana yi masa hannu. Cikin kwalbatin kuma yashi ne da ledar fiya wata da karan dawa suka toshe shi, in ka leƙa ba za ka hango haske ta ɗaya ɓangaren ba. Shi ya sa ko yayyafi mai ɗan ƙarfi aka yi ruwan ba ya samun hanya, sai ya juyo ya shigo mana shaguna. Ni dai da na ga hadari ya haɗu nake ɗaga kekena in ɗora kan benci, in kwashe yadukan mutane in cusa a buhu in rataye, don an taɓa yi min ɓarna ta shaddar wani ango da sai da na biya.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne abin da na gani da idona wata ranar kasuwa. Wani dattijo ne daga ƙauye ya taho da amalanken shanu cike da buhunan riɗi, yana ƙoƙarin kauce wa wata motar da ta ɗauko kaya za ta Dawanau, sai tayar amalanken ta zame ta gefen da ya zabtare, amalanke ya kife, sa ɗaya ya faɗa ramin ƙafarsa ta gaba ta karye. Buhu biyu suka fashe riɗi ya zube cikin caɓi. Mutane suka taru aka ciro san da igiya amma ya kasa miƙewa, dole aka kira mahauta suka yanka shi a nan gurin suka saye shi a yadda suka ga dama, don mai shi ba shi da bakin ciniki a wannan halin. Bawan Allah nan ya zauna a bakin shagona na ba shi ruwa ya kasa sha, yana ta faɗin da wannan san yake huɗa, da shi yake kai taki gona. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci. Asarar da ya yi a minti ɗaya ta isa a sayi siminti mai yawa a cikin wanda ake buƙata a gurin.

Bayan wannan ne muka haɗa kwamiti na mutum biyar, ni da sarkin kasuwa da wakilin direbobi da mutum biyu daga masu shaguna, muka rubuta takarda mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, muka kai sakatariya. Gaskiya ba a wulaƙanta mu ba. Shugaban sashen ayyuka ya karɓe mu hannu bibbiyu, har ya buɗe kabad ya ɗauko fayil ya nuna mana cewa tuni ya je ya auna gurin, ga zane, ga lissafin buhun siminti da rodi da tifar yashi da tsakuwa, ya ce ya tura sama ana jiran amincewa. Muka koma bayan sati biyu, ciyaman ya tafi Dutse taro. Muka sake komawa, an ce a jira kason wata ya shigo. Na uku da muka je lissafin ma ya tashi aiki saboda kuɗin siminti ya ninka tun bayan cire tallafin mai a 2023, sai an sake sabo. A harabar sakatariyar kuma ga gireda nan a ajiye tayoyinta sun sace ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, ga tifa ita ma an ɗora ta kan duwatsu, direbobinsu suna zuwa kullum su sa hannu su zauna ƙarƙashin darbejiya har azahar, kuma da na zanta da ɗaya daga cikinsu ya ce min shi ma ya gaji da zaman, da za a gyara masa motar ya fi son ya yini yana aiki.

Mun yi aikin gayya kam, ba sau ɗaya ba. Samari suka fito da shebur da diga da baro, mata suka aiko da kunu, muka yashe abin da za mu iya, muka jera buhunan yashi a gefen da ya karye. Amma gayya tana iya yashe kwata ne, ba ta iya zuba kankare, kuma ruwan farko da ya sauka ya tafi da buhunan.

Edita, wani ɗana da yake karantar shari'a ne ya zaunar da ni ya karanta min abin da kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu, na sa ya fassara min layi layi. Ashe duk abubuwan nan da muke roƙo kamar alfarma aikinsu ne a rubuce: ginawa da kula da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a, maƙabartu, kwashe shara, sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, har lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, sannan su sa hannu a harkar firamare da lafiya da noma. Ka ga kenan amalanken dattijon nan ma da hanyar da ya bi da kasuwar da zai je duk a hannun hukuma ɗaya suke. Kuma abin da na lura da shi kalmar kula tana nan tare da kalmar ginawa, ba a ce a gina a tafi ba.

Na san abin da za a ce, ba kuɗi. Kuma ba zan zalunci ciyamomi ba, akwai gaskiya a ciki. A tsarin rabon arzikin ƙasa ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68, amma shekara da shekaru kuɗin ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da ayyukan da ake cewa na haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ake miƙo musu. Shi ya sa ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki, a shagona muka saurari labarin kuma har tafi aka yi. Jihohi da dama suka yi ta gaggawar shirya zaɓe kafin shekarar ta ƙare. Daga nan kuma maganar aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, yau a ce asusu a Babban Banki, gobe a ce kwamiti. Toh ni damuwata ko da kuɗin ya zo kai tsaye gobe da safe, in dai ba mu san nawa ya shigo ba kuma ba mu san me aka tsara yi da shi ba, kwalbatinmu zai ci gaba da zama a fayil, sai dai hannun da ke riƙe da fayil ɗin ya canza.

Mahaifina Allah ya jiƙansa ya sha ba mu labarin zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna da take kafin ƙananan hukumomi. Ba ya yabon ta duka, yana faɗin yadda ake ɗaure mutum a rana kan haraji, yadda Fulani suke ɓoye shanu saboda jangali, kuma yana cikin waɗanda suka yi murna lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulkin tsohuwar jihar Kano a 1979, lokacin mu ma muna cikinta. Amma yakan ce abu ɗaya da ba za a ƙwace musu ba shi ne duba-gari. Mutum ne zai shigo gidanka da kakinsa ya buɗe randa ya leƙa, ya duba masai, ya duba kwatar ƙofar gida, in ya ga ƙazanta a ci ka tara ko kai waye. Akwai kuma leburorin hanya da kowanne yake da yankin da aka ba shi, kafin damina sun yashe, bayan damina sun cike ramuka. Ba wata babbar fasaha ba ce, mutum ne da shebur da wanda zai tambaye shi in bai yi ba. Gyaran da aka yi a 1976 da ya kawo ƙananan hukumomi irin na yanzu an yi shi ne don a kawo gwamnati kusa da talaka, kuma ginin ya zo kusa ɗin, daga shagona zuwa sakatariya tafiyar minti goma ce a ƙafa, amma wannan mai shebur ɗin ne ya ɓace.

Ba wai ina kiran a dawo da haraji ba ne, Allah ya kiyaye. Ai har yanzu muna biya. Duk ranar kasuwa ana yankar tikiti a kan kowane buhu, a kan kowace akuya da tunkiya, masu rumfa suna biya, mu masu shaguna muna biyan na shekara, motoci suna biya a tasha. Wani lokaci a ba ka rasit mai hatimin hukuma, wani lokaci a yago maka wata 'yar takarda da ba lamba ba komai, wani lokaci ma a ce rasit ya ƙare kawo kawai. Ni ina da leda guda da nake tara nawa tun shekaru, ina iya nuna wa kowa. Abin da nake tambaya shi ne kuɗin da ake tarawa a ƙofar kasuwar nan, taku ashirin daga kwalbatin, nawa ne a wata, kuma me zai hana a ce na wata biyu ko uku an ware shi an gyara hanyar da take kawo kuɗin? Wannan ai ba ya buƙatar Kotun Ƙoli ko sa hannun gwamna.

Haka zancen ruwa. A unguwarmu akwai famfon tuka-tuka guda huɗu, biyu ne suke aiki. Ɗaya da ya tsaya kusan shekara muka gaji muka yi karo-karo muka kira mai gyara, ina tsaye ya kwance kan, shi da yaransa suka riƙa zaro bututu ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a ƙasa har suka kai ga silinda, ya buɗe ya ciro wata 'yar roba da ta cinye, ya ɗora min a tafin hannu, ba ta fi murfin kwalba girma da yawa ba. Ita ce ta hana unguwa guda ruwa, ita ta sa yara mata suke tafiya har bakin asibiti da jarka kafin su tafi makaranta, wanda ba shi da yara kuma ya saya gurin 'yan ga-ruwa. Kafin la'asar ruwa ya dawo. A wannan shekarar kuma aka zo aka haƙa sabuwar rijiyar burtsatse mai sola a wata unguwar, aka yi taro da kujeru da lasifika aka yanke ƙyalle, muna murna da ita kuma Allah ya saka wa wanda ya kawo, amma na san in injinta ya ƙone ita ma haka za ta zauna, saboda sabon aiki yana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya yi, gyara kuwa ba wanda yake ganinsa, kuma ɗan kwangila ba ya samun komai a robar famfo.

Mu ma fa muna da namu laifin, dole in faɗa. Kansilan mazaɓarmu yaro ne mai kirki, na san shi tun yana zuwa karɓar ɗinkin sallah, amma tun da aka rantsar da shi ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane, wannan matarsa ta haihu, wannan takardar magani, wannan kuɗin makaranta, wannan yana son a sa baki a ba shi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma da wuri. Ban taɓa jin wanda ya je ya tambaye shi yaushe majalisarku za ta zauna ba, ko me kuka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana. Ni kaina sai bara na san cewa kansiloli suna da zauren zama da shugaban majalisa, kuma su ne ya kamata su duba kasafin kuɗi su amince kafin a kashe. Da na tambaye shi ya ce min suna zama, amma ba wanda ya taɓa zuwa kallo. Sannan ledar da ta toshe kwalbatin ba daga sakatariya aka kawo ta ba, mu muka sha muka yar, kuma akwai masu fitowa da kwandon shara su juye a kwata da zarar an fara ruwa wai ya tafi da ita. Sai dai shi ma wanda yake son ya zubar a inda ya dace ina zai kai? Jujin da ke bayan makarantar firamare ya kusa kai tsayin katanga, rabon da a kwashe shi tun ana shirin zaɓe, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya in ruwa ya ratsa irin wannan ya shiga rijiyoyi, amai da gudawa ba baƙo ba ne a garuruwanmu da damina.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Tun zamanin Obasanjo ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta fara buga abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma take samu a jaridu, kuma har yanzu ana fitar da alƙaluman a intanet, amma dattijon da sansa ya karye ba zai shiga intanet ba. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a manna a bangon sakatariya da ƙofar kasuwa da ƙofar gidan hakimi duk wata, ga abin da ya shigo daga sama, ga abin da aka tara a kasuwa da tasha, ga albashi, ga abin da ya rage, ga aikin da za a yi da shi. In ba abin da ya rage a rubuta hakan, sai mu san inda za mu kai kukanmu, mu daina zagin ciyaman a banza. A riƙa sanar da ranar zaman majalisa a masallatan Juma'a yadda ake sanar da rigakafi, a ajiye benci biyu don mutanen gari. Kuma a ware wani abu komai ƙanƙantarsa da sunan gyara kawai, a ɗauki samari ko goma ne a ba su shebur da baro da takalmin ruwa, a haɗa su da mai gyaran famfo ɗaya da kayan aikinsa da babur, a ba kowa yankinsa, sunansa a gurin mai unguwa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ake cewa ta ba mu damar tambaya a rubuce, ɗan nawa ya ce zai taya mu rubutawa, amma ni na fi son a ce ba sai an kai ga haka ba tsakaninmu da mutanen da muke haɗuwa a sahu ɗaya.

Ku ma 'yan jarida ina da ƙorafi a kanku kaɗan. Wakilanku suna zaune a manyan birane, ba ma ganinsu sai an yi ambaliya ko gobara ko gwamna zai zo. Ku riƙa turo su ranar da ba komai, su shiga sakatariya ranar Talata da hantsi su ga ofis nawa ne a buɗe, su zauna da ma'aji da shugaban ayyuka su ji nasu uzurin, don na tabbata su ma akwai abin da suke son faɗa ba su da inda za su faɗa.

Yanzu dai zafi ya fara, iska ta soma juyawa, manoma sun fara sharar gona da kai taki, amalanke zai yawaita a hanyar nan. Kwamitinmu ya sake rubuta takarda ta huɗu, direbobi sun yi alƙawarin tifa biyu ta yashi, masu shaguna za mu ɗauki abincin leburori, abin da muke nema daga hukuma siminti ne da rodi da injiniyan da zai tsaya a kan aikin. Ranar Litinin mai zuwa in Allah ya kai mu za mu kai ta, kuma in wakilinku zai samu zuwa ya tambayi shagon tela na ƙofar kasuwa, zan rufe in raka shi ya ga gurin da idonsa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karanta ku kullum,
wani tela daga jihar Jigawa